Abin da Na Rubuta a Goshin Motar Albasa

Ku dai ku yi ta dariya. Na ga irin kallon da kuke yi wa gwangwanayen fentina, kamar kayan da aka tono daga tsohon kango. Jiya ɗayanku ya ce wai aikin da nake kwana uku a kansa, shi cikin awa guda zai latsa a na'ura, a buga masa a leda, ya manna. Ban musa ba. Na'urarku ta fi hannuna sauri, ta kuma fi shi tsafta yanzu da ya fara rawa. Amma tunda kun ce ku ma masu rubutu ne a jikin mota, ku zauna in gaya muku aikin da ya fi kowanne kyau a cikin ayyukana, wanda kuma shi ne ya raba wani bawan Allah da sana'arsa. Sunansa Manu, direba, mutumin Gumbin Kure.

A nan Jega na koyi aiki, wurin Baba Ishaya, mutumin Zuru, Kirista. Rumfarsa tana bayan inda manyan motoci ke tsayawa. Ranar da mahaifina ya kai ni, dangi sun yi ta surutu, wai ya za a ɗauki yaron da ya yi nisa a allo a miƙa wa Kirista. Mahaifina ya ce harafi ya aike ni in koyo, salla kuwa na riga na iya. Abin dariya, Baba Ishaya ne ya fi kowa kora ni masallaci. Da an kira azahar sai ya ce, "Hali, aje burushin nan, ana kiranku. Kada a ce ni na lalata ka."

Shekara biyu ban rubuta harafi ko ɗaya a jikin mota ba. Wankin burushi da kananzir, gugar katako da samfefa har yatsuna suka yi kanta, sai dama fenti. Kuna jin dama fenti kamar dama fura ce, ko? In ya yi ruwa, harafi zai yi hawaye ya gangaro. In ya yi kauri, burushi zai ciza, layi ya karye. Katakon bodi kuma shan fenti yake yi, sai ka ba shi shafen farko ya ƙoshi, ya kwana ya bushe, kafin ka yi masa maganar rubutu. Ƙananan burushinmu da kanmu muke haɗawa, gashin jelar saniya a ɗaure a bakin siririn kara. Akwai zare da muke gogawa da alli, mu ja shi tsam, mu ɗana, ya bar layi miƙaƙƙe. Akwai sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda kake dafa hannu a kanta don kada ka taɓa ɗanyen fenti. Da wannan sandar Baba Ishaya ke buga mini ƙeya in na yi gaggawa.

Motar farko da ya bar mini ta wani mai gero ce daga Maiyama, kuma ƙofar baya kawai ya ba ni, in rubuta gargaɗin a yi hattara. Goshi kuwa, wato allon nan da ke saman gilashi a motar bodin katako, sai da na shekara biyar kafin in hau tsani in taɓa shi. Goshi shi ne bakin mota. Tun tana nesa shi ake fara karantawa, kafin a ga lamba, kafin a ga fuskar mai tuƙi. Saboda haka Baba Ishaya yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa ko uban waye ya zo. Mai mota zai faɗi abin da yake so. Za a zana shi da alli tukuna. Sannan a kira direba, a tsayar da shi a gaban motar, a karanta masa da ƙarfi, in Turanci ne a fassara masa. Sai ya ce ya ji ya yarda kafin a buɗe gwangwani. Masu motoci da yawa sun yi fushi, suna cewa mota tasu, kuɗi nasu. Shi kuma ya ce musu, "Kai kana gida kana cin tuwo. Shi zai kwana bakwai a ƙarƙashin maganarka."

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, idon Baba Ishaya ya riga ya yi rauni, rumfa ta dawo hannuna, shi yana zuwa ya zauna a benci yana gyara mini kuskuren da ban yi ba. Aiki kuwa ya yi mana ruwa. Kowane allon shago, kowace ƙofar mota, sai an goge tsohuwar jiha an sa sabuwa. Na rubuta kalmar Kebbi har ina iya rubuta ta ido rufe. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba, ina jin daga nan har Yawuri babu mai hannuna.

Jihar ba ta fi wata huɗu ba, Baba Ishaya ya tafi Zuru bikin Kirsimeti. Wata ranar kasuwa da hantsi rumfata ta cika, rediyo na rataye a jikin ginshiƙi. Sai aka karanto labari cewa a wata ƙasa can kudancin Afirka, shugabansu ya tashi ya ce daga yau ƙasarsu ƙasar Kirista ce. A benci akwai Oga Emeka, Inyamuri mai sayen albasa, wanda ya fi shekara ashirin yana lodi a Aliero, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Akwai Alhaji Dantani, babban dillalin albasa na Aliero, mai motoci uku da gajeren haƙuri. Akwai kuma wani malamin allo daga unguwar Jega Magaji da ya kawo a rubuta masa allon ƙofar makaranta.

Emeka ya tafa hannu ya ce, "Yauwa! Ga namiji. Ya faɗi sunan mai gidan. Mu ma nan da za a yi gaskiya, haka za a ce."

Alhaji Dantani ya juyo da carbinsa a hannu. "Mi kac ce? Wace ƙasa?"

"Najeriya mana, Alhaji. Ka je kudu ranar Lahadi ka ga hanya."

"Kai ka zo Jega ran Juma'a ka ga hanya! Ƙasar da anka yi tuta da alƙali tun Turawa ba su san hanyar ruwa ba? In suna za a sa mata, ai sunan na nan tun kakanninmu."

Malam ya yi gyaran murya ya ce su yi a hankali. Ya ce shi dai a iyakar karatunsa bai ga inda ƙasa ta yi alwala ko ta ɗauki azumi ba, kuma ba ƙasa za a tambaya a kabari ba, mutum za a tambaya. Alhaji ya ce to shari'a fa, wa zai yanke, da wane littafi? Malam ya ce wannan tambaya ce babba, ta fi ƙarfin rumfar mai fenti, amma abin da ya sani shi ne, duk ranar da ka rubuta sunanka kai kaɗai a ƙofar gidan gado, ka gaya wa na ɗakin baya cewa shi baƙo ne. Emeka ya ce ai a can ba a ce an kori kowa ba, suna ne kawai. Malam ya ce in suna ne kawai, me ya sa jijiyar wuyansu duka biyu ta tashi? Aka yi dariya, ban da Alhaji.

Ni ina gefen Alhaji, kada ku ɗauka ni ne mai hankalin wurin. Maganar Emeka ta ƙona mini rai. Da taro ya watse Alhaji ya ja ni gefe, ya nuna mini sabuwar motarsa da aka gama yi wa bodi, goshinta fari fat ba a taɓa ba. Ya ce in rubuta masa cewa wannan ƙasa ta Musulmi ce, kuma da Turanci, manya-manya, don mutanen su Emeka su karanta tun daga nesa. Ya ce jibi za ta yi lodi a Aliero ta nufi kudu.

Wallahi ban taɓa aiki irin wannan ba. Na yi wa allon shafe biyu na kore mai duhu. Na ɗana zare sau huɗu, na raba haruffan da ido har babu wanda ya matse ɗan'uwansa. Na sa su fari, na bi gefen kowanne da inuwa ruwan ɗorawa, suka taso kamar an sassaƙa su. Na ja siririn jan layi a kewaye da ƙaramin burushina, hannuna bai girgiza ko sau ɗaya ba. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Abin da ban yi ba shi ne kiran direba. Ba mantuwa ba ce. Na tuna sarai, na ce a raina, direban ai Musulmi ne, maganar tasa ce, me zan karanta masa? Na ga Manu sau ɗaya, da ya zo ɗaukar motar, dogo mai yawan murmushi. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Malam Hali, hannunka da albarka." Na ce na gode, ya ja mota ya tafi.

Kwana biyu da tafiyar Manu Baba Ishaya ya dawo, kuma a ranar Emeka ya shigo da tasa motar. Ya ga ta Alhaji a wurin lodi, ya karanta, ransa ya ɓaci. Ya ce in goge kan zakin da ke goshin tasa, in zana taswirar Najeriya, in rubuta a kai cewa ƙasar Kirista ce. Na ce ba zan yi ba. Ya ce, "Ka yi wa Alhaji, ni ba za ka yi mini ba? To zan kai ta can garin Anacha a yi mini wanda ya fi shi girma."

Kafin in ba shi amsa Baba Ishaya ya yi magana daga benci. "Emeka, ni ma coci nake zuwa, ka sani. A rafi aka yi mini baftisma, kuma ni kaɗai na shiga ruwan, ko matata ba ta shiga a madadina ba. Wane rafi za ka tsoma Najeriya? Kuma in can sun ce ƙasar Kirista, nan suka ce jihar Musulmi, ni in ɗauki gonata ta Zuru in kai ta ina?"

Emeka ya ce, "Baba, kai ka saba sunkuyar da kai. Ni shekara ashirin ina sayen albasar Aliero, 'ya'yana biyu a nan aka haife su, har gobe baƙo ake ce mini. Ina son in ga wuri ɗaya da aka rubuta cewa nawa ne."

Wannan magana ta yi mini nauyi, don gaskiya ce, ni kaina baƙo nake ce masa. Baba Ishaya ma ya gyaɗa kai. Sannan ya ce to, mota ta Emeka ce, a bi ƙa'ida. Hali ya zana da alli, a kira direba. Na yi murna, don na san direban Emeka, Arzika, mutumin Sabiyal, Musulmi, ba zai yarda ba. Kun ga halin ɗan Adam? Ƙa'idar da na tsallake shekaranjiya ita na ɗauko na yi makami da ita.

Na hau tsani na zana. Aka kira Arzika daga wurin mai tuwo, yana goge hannu a riga. Na karanta masa, na fassara. Na zaci zai tayar da hayaniya, amma ko kusa. Ya daɗe yana kallon allin, sannan ya juya wurin maigidansa.

"Oga, shekara tara ina ja maka mota. Ka san garin da nike cire hula in tura ƙarƙashin kujera in mun gangara kudu. Ka san garin da kai kake karɓar hular nan ka sa in mun hauro. Mun taɓa yin gardama bisa wanga? Allo ba shi ciruwa awa hula. In anka tare hanya, shi za a karanta kafin a tambaye ni sunana. To gaya mani, a wane rabin hanya kake so a kashe ni? In ka ce a rubuta, ga makulli, amma ka san ɗiya shidda gare ni."

Emeka bai karɓi makullin ba. Ya tsaya yana kaɗa ƙafa, ya yi tsaki, ya faɗi wata magana da yarensu. Can ya ce, "Goge. Bar mini zakina." Ya kama hannun Arzika suka koma wurin mai tuwo. Na sauko ina jin na ci nasara, har ina fito da haƙora. Sai Baba Ishaya ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Hali, ta Alhaji fa? Me direbanta ya ce da ka karanta masa?"

Tsumman da ke hannuna ya faɗi. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya tambaye ni ko Manu ya iya karatun boko, na ce ban sani ba. Ya tambaye ni yaushe motar ta tashi, na ce shekaranjiya. Bai zage ni ba, bai ɗauki sanda ba, kuma da ya yi haka da ya fi mini sauƙi. A lokacin babu wayar hannu da za ka kira mutum a hanya. Na hau mota zuwa Aliero na sami Alhaji, na ce a aika wa Manu ta bakin direbobin da za su tashi ranar, ya shafe allon da baƙin mai. Alhaji ya ce ni matsoraci ne, Allah ke tsarewa. Na bi direbobin da kaina ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu. Amma motar da ta ba ka kwana biyu, ina za ka cim mata?

Bayan mako guda labari ya iso. A wani gari a hanyar kudu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, an yi wata hatsaniya a kasuwa kwana ɗaya kafin isarsa, samari sun tare hanya. Motocin albasa huɗu suka bi wurin a jere. Uku aka bari suka wuce. Ta Manu aka tsayar. Sun farfasa gilashi, sun jawo shi ƙasa, sun karya masa hannun dama a wuri biyu. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a bakin hanya, Kirista, ita ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta har 'yan sanda suka zo. Albasar ta ruɓe a inda take. Hannun ya ɗoru, amma a karkace, ba ya iya riƙe sitiyarin babbar mota.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Direbobi suka ƙaurace wa rumfata, daga Jega har Aliero har Maiyama, kuma suna da gaskiya. Kakar albasa ta zo ta wuce ban taɓa goshin mota ko ɗaya ba. Na koma yi wa akwatunan ƙarfe fure, ina shafa baƙin fenti a allunan makarantar firamare, ina bin ƙauyuka a keke ina rubuta suna a jikin amalanke. Burushina na goshi suka bushe a gwangwani. Gardamar kuwa ba ta mutu ba, ana ta yinta a majalisa da rediyo, ƙasar wa ce, sunan wa za a sa mata. Har yau ana yi, kuna gani a wayoyinku. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke muku ita ba. Abin da na gani da idona shi ne, masu yin maganar suna zaune a inuwa, wani dabam ne ke ɗaukar ta ya bi hanya da ita.

Sau uku na kama hanyar Gumbin Kure don in duba Manu, sau uku ina juyowa daga Maiyama. Kunya ce da tsoro, ba wani abu ba. Sai ga shi da kansa, bayan damina ta faɗi, wata ranar kasuwa. Ya rame, hannun yana lanƙwashe a ƙirji. Ya yi sallama, ya miƙo mini na hagu, ya zauna a bencin nan da kuke kai. Na yi ta jera masa sannu. Ya bar ni na gama.

"Malam Hali, ba faɗa ya kawo ni ba. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Tambaya ɗaya gare ni. Waɗanda sunka buge ni suna ta nuna allon suna ihu, ban ji yarensu ba. Na tambayi Alhaji, ya ce magana ce ta addini, in bar ta. Mutane kowa da abin da shika faɗi. Kai ka rubuta da hannunka. Mi ka rubuta?"

Na gaya masa, kalma bayan kalma, kamar yadda ya kamata in yi wata bakwai da suka wuce.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe. Ni na ɗauka addu'ar tafiya ce. Kullum in za mu tashi sai in taka taya in shafa shi, in shafa ga fuska." Ya ɗan yi murmushi irin nasa. "Ka ga, da ka karanta mani, wataƙila ma in ce na yarda, don ni ma haka nike ji a raina. Amma da na sani, akwai buhu a bayan kujera. Da mun ƙetare gadar shiga kudu sai in rufe shi, in mun dawo in buɗe. Minti biyu ne, Malam Hali."

Ya miƙe, ya ce zai je ya nemi irin dawa kafin kasuwa ta watse. Na ce in raka shi in ɗaukar masa. Ya ce a'a, ya fara sabawa da hagun.